Ƙirga Min Tireloli

Mun bar Sivas da hantsi, ni ke tuƙi,
Baba Durmush na gefena,
hannuwansa na murza sitiyarin da babu.
Shekara talatin da ɗaya ya ja tirela a hanyar nan
kafin hakiya ta karɓe makullin.

Na ce, Baba, waya ta nuna wani wuri gaba da Zara,
har taurari biyar aka ba shi.
Ya ce, Nermin, tauraro bai taɓa tauna komai ba.
Ƙirga min tireloli.

Inda bakwai suka juya wa titi baya, taka birki.
Direba ba ya kashe inji don allo mai walƙiya.
In takardar abinci ta kai shafi huɗu,
firji ne ke girki a gidan.
In kyanwar ƙofa ramammiya ce, yi gaba.

Haka muka wuce gidan gilashi mai motocin 'yan yawon buɗe ido,
muka wuce wani mai tutoci,
cikina na kiran ciroma,
shi kuwa sai, haƙuri, 'yar nan,
bayan tsaunin Kizildag akwai rumfar Hashmet,
wakensa a tukunyar ƙasa yake kwana kan garwashi.
Mai haƙuri, in ji shi. Na ce, Baba, dutse dai ba ya ciyuwa.

Muka gangaro tsaunin.
Gidan mai muka tarar, siminti malale,
da injin da ke tofo lemon gwangwani.
Baba ya fita ba sanda, yana auna ƙasa da taku:
nan benci yake. Nan murhu.
Nan na yi barci ranar da aka haife ki,
ƙanƙara ta rufe hanya.
Iska ta yi ta kaɗa masa gefen kwat.

Ni na tuna sauran karatun.
Na je wurin mai faci, wani yaro Erjan,
ban ce ina abinci mai daɗi ba,
na ce, kai yau ina ka ci?
Ya nuna da haɓa: bayan injin niƙa,
shuɗiyar ƙofa, ba allo.

Tirela biyu kacal, sai tarakta.
Baba ya ce tarakta a bakin uku take.

Gulizar ba ta tambayi me za mu ci ba,
tukunya ɗaya ce ai.
Wake jajir, man shanu na ninƙaya a kai,
shinkafa warwar, gurasa mai ƙona yatsa,
tsinkakken nono a kofin tagulla,
da albasa guda, wadda Baba ya fasa da dunƙule
kamar yadda mazan hanya ke yi.

Cokalin farko ya daɗe a bakinsa.
Wa ya koya miki jefa busasshen barkono
sai an sauke?

Ta goge hannu da gefen zane.
Shekara tara na yi wa Hashmet wanke-wanke.
Da ya rasu, 'ya'yansa suka ɗauki kuɗin fili,
ni na ɗauki tukunya.

Baba ya ce albasar nan da yaji take.
Ba wanda ya musa masa.

Na zaro waya in sa wa wurin alama,
ya kife tafinsa a kai.
Bar shi. Mai yunwar gaske
zai tambayi mai faci.

Shayi ya zo a kofuna masu siririn ƙugu.
Ta ƙi karɓar kuɗinsa, ta karɓi na wake.

Yanzu rana ta karkata, Erzinjan na gaba,
Baba ya yi barci da ƙamshin albasa a hannu,
ni kuma, ba wanda ya sa ni,
ga ni ina ƙirgawa:
huɗu, biyar,
shida.